TAZARAR HAIHUWA DA MATANMU NA BAKIN FADAMA



Mu da muka tsufa da alli a hannu ba likitoci ba ne, amma mun sha rufe makaranta domin jana'izar uwar ɗalibi wadda ta rasu a kan gwiwa. Sau da yawa kwanika ce sila: ga jariri a baya, ga sabon ciki, ga ƙarancin jini. Iyayenmu sun san haɗarinta, shi ya sa mai jego kan tafi wanka gida, ta shayar shekara 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 24 ta ba da shawarar a jira bayan haihuwa kafin wani cikin.

To, ina dabara a yau? Allurar tazara ana sabunta ta duk wata 3. Ku tuna ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyin ƙauyukan Auyo da Guri da Kirikasamma. Matar da sai ta shiga kwalekwale kafin ta ga malamar asibiti, yaya za ta cika wannan alkawari? Robar mahaifa kuwa, wato 'yar na'urar nan mai zaren tagulla, sau ɗaya ƙwararriya ke sanya ta, ta yi shekara 10 tana aiki. Ranar da ma'aurata suka so ƙaruwa, a cire ta, ciki ya samu da iznin Allah. Tana da nata wahala, kada mu ɓoye: wasu kan ga ƙarin jinin al'ada da ciwon mara a watannin farko. Amma zancen wai tana hawa zuciya, labarin bakin rijiya ne.

A Masar, ƙasar Azhar, binciken 2014 ya nuna kimanin matan aure 30 cikin 100 ita suke amfani da ita. A Nijeriya, a 2018, ba su kai 1 cikin 100 ba.

Ba ƙayyade iyali muke kira ba, hutun uwa muke nema. Matanku na birni suna da likita kusa. Ƙannenku na ƙauye ba su da shi. Roƙonmu, cikin kuɗin gudummawar bana a ware abin da zai horar da ungozomomi 'ya'yanmu mata, domin mace ba ta son namiji ya duba ta. Idan kun je gida da Sallah kuma, ku zauna da mazajen, tunda izni a hannunsu yake.