Tarihin Gajerun Zanguna a Wasan Golf: Fasali Huɗu da Suka Ƙetare Teku

Cikakken filin golf yana da zango 18, kuma kowane zango yana ƙarewa a kan dandali na lallausar ciyawa mai ɗan rami a cikinsa. Galibi huɗu daga cikin zangunan nan gajeru ne, inda ake sa ran gwani ya ɗora ƙwallo kan dandali da bugu ɗaya, ya zura ta da bugu biyu. Da yake tafiyar ba ta da nisa, duk wahalar zangon tana tattare ne a dandalin: siffarsa, gangararsa, da ramukan yashin da ke gadinsa. Shi ya sa masu zana filayen golf suka fi ba gajeren zango hankalinsu, kuma a nan ne tsofaffin fasalolin Turai suka fi barin sawunsu.

Mutumin da ya kai waɗannan fasaloli Amurka shi ne Charles Blair Macdonald. An haife shi a Kanada a 1855, ya tashi a birnin Chicago, sannan a 1872 aka tura shi karatu jami'ar St Andrews da ke Sikotilan. A can ya koyi wasan a gaban Old Tom Morris, dattijon da ke kula da tsohon filin garin. Da ya koma gida ya lashe gasar 'yan sha'awa ta Amurka ta farko a 1895, amma filayen ƙasar ba su gamsar da shi ba. Tsakanin 1902 da 1906 ya yi ta zirga-zirga zuwa Turai yana auna zangunan da suka yi suna, yana zana su a takarda. Abin da ya tara shi ya zuba a filin National Golf Links of America da ke Long Island a jihar New York, wanda aka buɗe a 1911.

Fasali na farko kuma mafi shahara shi ne Redan, zango na 15 a filin North Berwick na Sikotilan. Sunan ya samo asali ne daga wata ganuwar sojojin Rasha a Sevastopol, wadda sojojin Birtaniya suka sha wuya a kanta a yaƙin Crimea a 1855. Tsawon zangon ya kai kimanin yadi 190. Dandalin yana kwance a karkace, daga gaba ta dama zuwa baya ta hagu, yana gangarawa nesa da mai bugu, ga kuma rami mai zurfi na yashi a gabansa ta hagu. Wanda ya nufi tutar da ke nuna rami kai tsaye, ko dai ya faɗa yashi ko ƙwallon ta zarce. Dabarar ita ce a saukar da ƙwallo a kafaɗar dama, a bar gangara ta mirgina ta a hankali har gindin tuta. Macdonald ya gina nasa a zango na 4 na National. Wani sanannen Redan shi ne zango na 7 a filin Shinnecock Hills, inda a ranar ƙarshe ta gasar US Open ta 2004 dandalin ya bushe ƙayau har ƙwallo ta ƙi tsayawa, sai da aka riƙa yayyafa masa ruwa ana cikin wasa.

Na biyu shi ne Eden, zango na 11 a tsohon filin St Andrews, wanda bakin kogin Eden ke bayansa. Dandalinsa yana gangarowa da ƙarfi daga baya zuwa gaba, ramuka biyu masu zurfi, Hill da Strath, suna tsare da ƙofarsa. Wanda ya gaza ya shiga yashi, wanda ya wuce tuta kuma zai buga ƙwallo a kan gangara mai santsi. A nan ne ɗan wasa Bobby Jones, yana matashi, ya fusata ya janye daga gasar Open ta 1921.

Na uku ana kiransa Short, wato gajere, kuma an ɗauko tunaninsa daga filin Brancaster da ke gabashin Ingila. Yakan kai yadi 130 zuwa 150. Dandalin faffaɗa ne, yashi ya kewaye shi kamar tsibiri, tsakiyarsa kuma a loɓe kamar an danna babban yatsa a kan curin fura. Hawa kansa ba wuya, amma sauka a ɓangaren da tuta take shi ne aikin.

Na huɗu, Biarritz, ya fito ne daga garin Biarritz na Faransa, inda Willie Dunn ya yi wani zango da ake bugawa ta saman gaɓar teku. Shi ne mafi tsawo, ya haura yadi 200. Dandalin dogo ne, wani kwari ya ratsa tsakiyarsa. Ana buga ƙwallo ƙasa-ƙasa ta sauka a gaba, ta nutse cikin kwarin ta ɓace wa ido, jim kaɗan ta ɓullo a ɗaya gefen. Babu shi a National. Macdonald ya fara gina shi a filin Piping Rock, kuma wanda ya fi suna shi ne zango na 9 a filin jami'ar Yale na 1926.

Wanda ya yaɗa fasalolin nan shi ne Seth Raynor, injiniya mai safiyo da Macdonald ya ɗauka don auna ƙasar National. Raynor bai taso cikin wasan ba, amma ya san ƙasa da lissafinta. Har rasuwarsa a 1926, kusan duk filin da ya gina sai an sami huɗun nan a ciki, kuma abokin aikinsa Charles Banks ya ci gaba a kan wannan turba. Hikimar haɗa su ita ce kowanne da irin sandar da yake nema, daga gajera zuwa doguwa, ta yadda ɗan wasa ba zai maimaita bugu iri ɗaya ba. Kuma ba kwafi ido rufe suka yi ba. Inda ƙasa ta karkata ta wani gefen, sai su juya Redan ya gangara dama. A tsibirin Fishers, Biarritz yana kallon teku. A Yale kuwa tafki ake ƙetarewa.

A wannan ƙarni an sake waiwayar gadon. A 2010 Tom Doak da Jim Urbina suka buɗe filin Old Macdonald a jihar Oregon don girmama Macdonald, a 2023 kuma aka sake gina filinsa na Lido, wanda ya ɓace lokacin yaƙin duniya na biyu, a jihar Wisconsin. A lokaci guda ƙananan filaye masu gajerun zanguna zalla sun samu karɓuwa, irin su Cradle da Gil Hanse ya gina a Pinehurst a 2017, zango 9 a cikin yadi 789 kacal.

Nan ne sabuwar matsala ta taso, domin siffar dandali da tsawon bugu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Bugun yadi 190 yana zuwa a kwance, ƙwallo ta sauka ta mirgina. Bugun yadi 90 kuwa yana tashi sama ya faɗo a tsaye, ƙwallon tana juyi baya, ta tsaya cak. Idan aka rage Redan zuwa wannan tsawo ba tare da gyara ba, gwani zai tsallake yashin ya sauka gindin tuta, kafaɗar dama ta zama ado. Don haka mai zane yakan ƙara wa gangara ƙarfi, ya ƙuntata wurin sauka, ya tabbatar ƙasa ta yi tauri. Kwarin Biarritz a gajeren zango yakan sauya aiki, ya zama iyaka mai raba dandali gida biyu, wanda ya sauka a ɓangaren da babu tuta ya sha aikin ƙetare shi. Eden da Short sun fi jure ragi, domin tun asali daidaiton sauka suke nema ba mirginawa ba. Sau da yawa kuma akan aske ciyawar gaban dandali ƙwal, don yaro ko sabon shiga ya iya tura ƙwallo ta ƙasa tun daga wurin bugun farko, ya ga gangara tana aikinta kamar yadda take yi a North Berwick.