Gidan Haya da Albashin Malami
Jawabin da aka gabatar a taron reshen ƙungiyar malamai

 

Duk malamin da aka ba takardar sauyin wurin aiki, tambayar farko da ke zuwa masa ita ce: ina zan sauke iyalina? A kan wannan tambaya zan yi magana.

Birnin Kudu gari ne na ma'aikata. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon jinya suna kawo baƙi, kuma duk ɗakin da malami ya taya, akwai wanda ya fi shi albashi a bayansa. A Gwaram, da garuruwa irin su Sara da Basirka, haya ta fi sauƙi, sai dai gidajen da aka gina don haya kaɗan ne. A can, mai unguwa ko limami ko shugaban makaranta ya fi dillali sanin inda ɗaki yake.

Albashi wata-wata yake zuwa, amma mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule. A ɗauka an yi wa malami ciki da falo naira 120,000. Wannan naira 10,000 ce a kowane wata, wato kashi ɗaya bisa bakwai na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A ƙara la'adar dillali, da gyaran ƙofa, da kuɗin 'yan ga-ruwa idan babu rijiya, da bashin wutar KEDCO da tsohon ɗan haya ya bari.

Akwai kuma kuɗin hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya zauna a gari yana koyarwa a ƙauye haya biyu yake biya: ɗaya ga mai gida, ɗaya ga ɗan acaɓa. Ranar da aljihu ya bushe, ɗalibai ne ke zaune a aji babu malami. Don haka kafin a yi ciniki, a haɗa kuɗin ɗaki da na zirga-zirgar shekara, sannan a kwatanta.

A duba gida da idon damina: kwanon rufi, gindin katanga, da inda ruwa ke bi. Gidan da ya yi kyau da rani yana iya zama kududdufi a watan Agusta. Kada a biya ko sisi sai an ga mai gidan da kansa, an rubuta yarjejeniya gaban shaidu, an karɓi rasit. A rubuta ranar shiga, da wanda gyara ke wuyansa, da wa'adin da za a bayar kafin ƙarin kuɗi ko tashi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon reshen nan abu biyu. Na farko, a buɗe littafi a ofis, kowane wakilin makaranta ya riƙa kawo labarin ɗakunan da ke babu kowa da kuɗinsu, domin sabon malami ya san farashi kafin ya haɗu da dillali. Na biyu, a kafa adashen haya, a riƙa zubi ranar albashi, kowa ya kwasa a watan da hayarsa ke cika.

Allah ya rufa mana asiri, ya mallaka wa kowa nasa.