Kunna Sabar da Kashe Ta ba Tare da Jiran Mutum Ba

 

Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ɗakin kwamfuta ya daina zama ado a makarantunmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Duk inda aka jera kwamfutoci don ɗalibai su yi atisaye, akwai guda ɗaya da sauran suka dogara da ita, wato sabar. A cikinta tambayoyi da sakamako suke. Idan makaranta ta ɗora Moodle ko Kolibri ko Kiwix don yara su yi karatu ba tare da intanet ba, a kanta ake ɗorawa. Abin da zan yi magana a kai shi ne wane ne ke kunna wannan sabar, wane ne ke kashe ta, kuma me ke faruwa ranar da ba ya nan.

A mafi yawan wurare amsar ita ce mutum ɗaya. Shi ya san abin da ake fara buɗewa da abin da ke biye. Ranar da ya tafi biki ko jana'iza, aiki ya tsaya, ko a jira injiniya ya taso daga Kano ya biyo ta Kwanar Ɗangora. Maganin wannan shi ne rubutaccen umarni: ɗan fayil da aka jera matakan aikin a ciki, layi bayan layi, na'ura ta bi su da kanta. Dabara ce tsohuwa. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969, ya daɗe yana aiki da ita, kuma Linux da Linus Torvalds ya fitar a 1991 ya gaje ta. Kada a ɗauka ƙananan cibiyoyi kaɗai ke shan wahalar aikin hannu. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda an sabunta manhaja a sabar bakwai an bar ta takwas.

Kunnawa ita ce mai sauƙi, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Yawancin nau'o'in Linux na yau suna amfani da systemd, tsarin da ke tayar da manhajoji da rufe su, wanda ya bayyana a 2010. Za ka rubuta masa 'yan layuka: ga manhajar da za a tayar, ga wadda za ta riga ta tashi, ga abin yi idan ta faɗi. Jerin matakan shi ne komai. Rumbun bayanai ya fara tashi, sannan manhajar da ke ɗibar bayanai daga gare shi. Wajen kashewa sai a juya jerin.

Kashewa ita ce inda gizo ke saƙar. Sabar ba ta rubuta dukkan bayanai a faifan ajiya nan take. Tana riƙe wani sashe a ma'adanar wucin gadi, wadda ke mance komai da zarar wuta ta ɗauke. Kamar mai shago ne da ya ba da bashi tun safe yana riƙe da lissafin a ka, da nufin ya rubuta a littafi kafin ya rufe. Idan aka fitar da shi aka datse ƙofa ba zato, kaya na nan amma lissafi ya tafi. Manyan rumbunan bayanai irin su PostgreSQL suna da hanyar farfaɗowa bayan irin wannan, amma ba kowace manhaja ke da ita ba, kuma faifai ba ya son a riƙa yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu.

Linux na da saƙonni biyu da ya kamata kowane mai kula da sabar ya bambance. Saƙo mai lamba 15, SIGTERM, roƙo ne: ki kammala ki fita. Saƙo mai lamba 9, SIGKILL, ba ya ba manhaja damar ajiye komai. A al'ada systemd yana aika na farko, ya jira daƙiƙa 90, sannan ya aika na biyu. Idan manhajarka tana buƙatar minti uku don ta ajiye bayananta, wajibi ne ka tsawaita wannan wa'adi, in ba haka ba kullum za a riƙa sare ta kafin ta gama.

Akwai kuma manhajojin da aka gina su don su yi hira da mutum. Suna buɗe baƙin allo su zauna jiran a buga musu umarni, kuma hanyar da ta fi aminci wajen rufe su ita ce a buga musu kalmar da suka sani. Sanannen misali shi ne sabar wasan Minecraft, wadda ake rubuta wa stop ta ajiye komai ta fita. Irin waɗannan, idan ka rufe tagar da ka kunna su, suna iya mutuwa tare da ita. Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko a kunna manhajar cikin GNU Screen, wanda ya samo asali a 1987, ko tmux na 2007. Waɗannan suna riƙe allon a raye ko ba wanda ke kallo, kuma rubutaccen umarni na iya aika kalmomi ciki tamkar yatsun mutum ne suka buga. Ta biyu ita ce Expect, wanda Don Libes ya fitar a 1990: yana jiran manhaja ta yi tambaya, ya ba ta amsar da aka tanada. Ko wacce aka bi, ƙa'ida ɗaya ce. A sanar da masu amfani, a aika kalmar rufewa, sannan a jira a tabbatar manhajar ta fita kafin a wuce mataki na gaba. Umarnin da ya aika kalma ya wuce bai jira ba, bai yi komai ba.

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya rubuta littafin koyar da sabar a Turai yana ɗaukar wuta a matsayin abin da ke nan kullum. Mu kuwa mun ga watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta kwashe kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Ko a ranakun lafiya, batirin sola kan yi rauni kafin asuba, musamman da damina. Don haka umarninmu dole ya san halin batir. Manhajoji irin su NUT da apcupsd suna sauraron UPS, wato na'urar batir da ke riƙe sabar idan wuta ta ɗauke, ta waya, kuma idan caji ya yi ƙasa sai su tayar da matakan kashewa tun da sauran ƙarfi. A cikin saitin BIOS na kwamfutoci da yawa akwai zaɓin da ke sa na'ura ta kunna kanta idan wuta ta dawo.

A nan akwai tarko biyu. Na farko, idan sabar ta kashe kanta alhali UPS na ci gaba da ba ta wuta, ba za ta ga dawowar wuta ba, don a wurinta ba ta taɓa ɗaukewa ba, sai ta ci gaba da barci. Dole a umarci UPS ya yanke wutarsa bayan an gama kashewa. Na biyu, wutar da ke zuwa minti biyu ta koma. A saita UPS kada ya saki wuta sai batir ya sami cajin da zai isa a sake kashewa lafiya. Cibiyar da ba ta aiki da dare kuwa, cron, tsarin Linux mai gudanar da umarni a lokacin da aka ƙayyade, zai iya rufe mata sabar a kan lokaci kullum, batir ya huta.

Shawarata ga shugabannin makarantu guda uku ce. Ku sa mai kula da ɗakinku ya rubuta matakan, ya yi bayanin kowane layi da Hausa ko Turanci, a buga kwafi a ajiye a ofis. Kada a rubuta kalmar sirri a fayil ɗin da kowa zai iya buɗewa. Sannan a gwada. A zaɓi ranar da ba ɗalibi a ɗaki, a kwafe bayanai a wani faifai, a cire filogin UPS daga bango, a tsaya a ga ko sabar za ta rufe kanta, ta kuma tashi idan an mayar. Na'urorin jarrabawa na hukuma suna da nasu ƙa'idoji, ba a taɓa su. Maganata a kan namu ce na makaranta da asibiti da ofis.

Ga matasanmu kuwa, wannan ilimi ba ya buƙatar jari. Tsohuwar kwamfuta da Linux na kyauta sun isa a fara, kuma cibiyoyin yankin nan suna buƙatar wanda ya iya shi a kusa da su.