Jawabi Kafin Tafiyar Aswan: Faluka, Zafi da Iska

Malamai, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da kammala jarrabawa.

Tunda an tsayar da Aswan a hutun bana, bari in ce wani abu kan faluka, jirgin nan na Nilu da ba shi da inji, sai dogon ƙyalle mai kusurwa uku da ke kama iska. Kogin yana gangarawa arewa, iska kuma galibi daga arewa take busowa. Saboda haka in za a yi kudu iska ce ke tura jirgi, in za a dawo ruwa ne ke ɗauko shi. Matsalar ita ce iskar ba ta da alƙawari. Tana iya ɗaukewa ɗif ku tsaya cik a tsakiyar kogi, a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a Yuli. Can kuma ta taso bagatatan daga bayan duwatsun tsibirin Elefantin, jirgi ya karkata.

Don Allah mu fita bayan La'asar, kowa da ruwan shansa. In rayyis ya ce a koma ɗaya gefen, a koma nan take, hoton ya jira. Yawancinsu Nubiyawa ne, a kan ruwan nan suka tashi.

Masu cewa sun iya iyo tun a rafin garinsu, ku ji: ruwan nan daga ƙasan babban dam yake fitowa, da sanyi, ga ƙarfi. A tambayi rigar kariya kafin a biya kuɗi, a ƙirga ta yi daidai da yawanmu.