AN AUNA ARZIKI A SAMA, TO, WA YA JI LABARI?

Jawabin da magatakardan jam'iyya ya karanta wa taron reshen Bunkure



Maganarmu ta yau a kan waɗansu ma'aikata ne da ba mu ganinsu, watau masu ba jiragen sama hannu. Watakila wani ya ce, ina ruwan mai noman shinkafa da tumatir da sha'anin jirgin sama? To, da ruwanmu. Iyayenmu da mu ke rakawa filin jirgin Malam Aminu Kano kowace shekara za su Makka, a hannun mutanen nan mu ke barinsu. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Ikko da Jidda da Dubai saro kaya, su ma haka. Wanda ma bai taɓa taka jirgi ba bai kuɓuta ba. Jirgin kamfanin EAS da ya faɗi a unguwar Gwammaja ran 4 ga Mayu, 2002, ya kashe mutum fiye da 100, cikinsu har da waɗanda ke zaune cikin gidajensu. Wannan haɗari ba daga masu ba da hannu ya ke ba, amma ya isa ya nuna mana abin da ke sama ya shafi na ƙasa.

Kano ba baƙuwa ba ce a sha'anin nan. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka Kano, su ne jiragen farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. A littattafan matuƙa na duniya, da sunan Kano a ke kiran sararin saman ƙasar nan. Manyan ɗakuna biyu ne ke lura da shi, ɗaya a Kano, ɗaya a Ikko, ƙarƙashin hukumar NAMA wadda aka kafa da doka a 1999.

Ga yadda aikin ya ke. Ɗan sanda mai ba da hannu a mararraba ya kan ɗaga hannu mota ta tsaya cik. Jirgin sama kuwa ba ya tsayawa, in ya tsaya ya faɗo. A can sama ya kan yi gudun mil 500 a awa guda. In biyu suka fuskanci juna, mil ɗaya da ke tsakaninsu bai kai daƙiƙa huɗu ba ya ƙare. Saboda haka ba a jira matuƙi ya hango da idonsa, balle lokacin hunturu da hazo ke rufe gari. Mai ba da hannu yana zaune gaban na'urar rada, yana ganin kowane jirgi kamar ɗigo mai tafiya, yana magana da matuƙa ta wayar iska. Doka ta ce ya raba su, wani bisa wani da ƙafa 1,000, ko kuwa gefe da gefe da mil uku zuwa biyar. Duk umarnin da ya bayar, sai matuƙi ya maimaita masa shi, don a tabbata abin da aka faɗa shi aka ji. Bayan wannan, cikin manyan jirage akwai na'urar kashedi. In ta ga wani jirgi ya matso ƙwarai sai ta yi magana, ta ce wa wannan ya hau, ta ce wa wancan ya sauko.

Yanzu ku ji abin da ya faru a ƙasarmu ran 7 ga Nuwamba, 1996. Jirgin kamfanin ADC ya taso daga Fatakwal za shi Ikko da yamma, yana tafe a bisan ƙafa 24,000. Da ya matso, matuƙi ya nemi izinin saukowa, aka dakatar da shi domin wani ƙaramin jirgi yana ƙasa da shi. Cikin hidima, mai ba da hannu ya ɗauka ya riga ya sauko da shi zuwa ƙafa 10,000, ashe yana nan sama inda ya ke. A daidai lokacin kuwa jirgin kamfanin Triax ya tashi daga Ikko za shi Inugu, ya hau zuwa ƙafa 16,000. Sa'an nan aka ba jirgin ADC izini ya sauko, hanyarsa ta bi ta inda wancan ya ke. Na'urar kashedi ta yi kuka. Matuƙi ya karkata jirgin da ƙarfi don ya kauce, karkatar ta wuce kima, jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa cikin ruwa kusa da Ejirin. Mutum 144 da ke ciki ba wanda ya fita, har da shehun malamin nan Claude Ake. Jiragen biyu ko gogar juna ba su yi ba. Masu bincike suka ce musabbabin farko shi ne rashin raba jiragen yadda ya kamata daga ƙasa, sa'an nan kuskuren matuƙi ya biyo baya.

Wanda ya ji wannan zai ce, ai sai a kama mai ba da hannu a hukunta shi, magana ta ƙare. Mu ba mu ce haka ba. Ku dubi abin da ya auku a kan iyakar Jamus da Suwizalan daren 1 ga Yuli, 2002. Mutum ɗaya tak aka bari yana lura da tebur biyu, abokin aikinsa ya tafi hutu, ana gyaran na'urori, wayar tarho ba ta aiki. Da ya farga jirage biyu sun nufi wuri guda, ya ce wa na Rasha ya sauko, na'urar kashedi kuwa ta ce masa ya hau. Matuƙan suka bi maganar mutum, ɗaya jirgin shi ma yana saukowa, suka yi karo, mutum 71 suka mutu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Daga nan aka ƙarfafa doka cewa in na'ura ta yi magana ita za a bi. Amma wa ya bar mutum guda da aikin biyu? Ba shi ya bar kansa ba.

'Yan'uwa, ga zuciyar maganar. Haɗari ba ya zuwa bagatatan, ya kan aiko da manzanni. Ku da ku ke noman rani da ruwan Tiga kun san haka. In ɓera ya huda bakin hanyar ruwa, da fari tsattsafo kaɗan za a gani. In wanda ya gani ya faɗa, kwandon ƙasa biyu ya isa. In ya yi shiru don tsoron kada a ce laifinsa ne, wata rana a wayi gari bakin ya ɓalle, gonakin mutum hamsin sun tafi. Auna arziki a sama shi ne tsattsafon nan.

A Amurka, ran 1 ga Disamba, 1974, jirgin kamfanin TWA ya bugi dutse yana neman sauka kusa da birnin Washington, mutum 92 suka halaka, domin matuƙa da mai ba da hannu kowa da yadda ya fahimci izinin sauka. Da aka bincika sai aka tarar mako shida kafin nan wani jirgin kamfanin United ya sha da ƙyar a kan wannan dutse, ta wannan irin rashin fahimta. Kamfanin ya gargaɗi nasa matuƙa, amma labarin bai kai ga na sauran kamfanoni ba. Dalili ke nan a 1976 suka kafa wurin da matuƙi ko mai ba da hannu zai kai labarin kuskurensa a asirce, a ɓoye sunansa, a watsa darasin ga kowa.

Amma tara labari kaɗai ba ya magani sai an yi aiki da shi. Ran 29 ga Janairu, 2025, a Washington ɗin nan dai, jirgin fasinja ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu, mutum 67 suka mutu. Masu bincike suka buɗe lissafi, suka ga daga 2021 zuwa 2024 jirage da masu saukar ungulu sun kusanci juna a wannan wuri fiye da sau 15,000. Lissafi yana nan ajiye, ba a gyara hanyar ba sai da aka yi gawa. In gemun mai arziki irin Amurka ya kama wuta, mu ma sai mu shafa wa namu ruwa.

Saboda haka ga abin da mu ke nema, muna kuwa roƙon kowa ya riƙe shi, ya tambayi duk wanda ya zo neman ƙuri'arsa.

Na ɗaya, duk sa'ad da jirage biyu suka kusanci juna fiye da ƙa'ida, a rubuta, a bincika. Hukumar bincike ta NSIB ta bayyana wa jama'a abin da ta gano, a karanta shi da Hausa a rediyo, kada ya tsaya cikin Turancin ofis.

Na biyu, ma'aikacin da ya kawo labarin kuskurensa da kansa kada a kore shi, kada a rage masa girma. Wanda ya ɓoye, da mai ganganci, su ne abin hukuntawa.

Na uku, a ɗauki isassun ma'aikata, a ba su hutu da albashi a kan kari. Makarantar koyon aikin jirgin sama tana nan Zariya tun 1964. A buɗe ƙofarta ga ɗan manomi mai ƙwaƙwalwa, ba sai mai uwa a gindin murhu ba.

Na huɗu, na'urorin rada da aka ƙaddamar a 2010 a wurare tara, har da Kano da Talatar Mafara da Maiduguri, ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tsufa. A gaya mana nawa a ke warewa don gyaransu da sabunta su, da wutar da ke riƙe da su.

Na biyar namu ne. In ka kai alhajinka filin jirgi aka ce an dakatar da tashi saboda hazo, kada ka zagi ma'aikata. Wanda ya hana jirgi tashi ran da bai ga hanya ba, shi ne mai ƙaunarka. Babban mutum ma ya bi layi, domin a sama ba a san rawani ba.

Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni, haka Hausawa suka ce. Amma wanda ya sha da ƙyar ya dawo ya gaya wa na baya inda ramin ya ke. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya.