Jirgin Ƙasa na Cikin Birni: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Tambuwal da Kebbe

 

Abin da ya kawo ni gabanku yau maganar wani jirgi ne wanda babu irinsa a ƙasarmu, amma kowace shekara talakawanku suna cin karo da shi a garin wasu. Kun sani dogo bai taɓa zuwa Sakkwato ba, a Ƙaurar Namoda ya tsaya tun 1929. Saboda haka tsohon da ya tashi daga Dogon Daji, ko Jabo, ko Kuci, mai yiwuwa ne ranar da zai fara sa ƙafa cikin jirgin ƙasa ta zama ranar Arfa, a tsakiyar dubban mutanen da ba su jin Hausa.

Shi wannan jirgi ba ya fita daga birni, daga unguwa zuwa unguwa ya ke yi. A wasu wurare ana haƙa masa rami ƙarƙashin gidaje, a wasu kuwa a ɗora shi bisa gada. Mutanen Landan su suka fara yinsa a 1863. Alƙahira, inda ɗalibanmu ke zuwa karatu, ta buɗe nata a 1987, Riyad kuwa a watan Disamba na 2024.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na alhazai, wanda ya fara aiki a 2010. Tsawonsa kilomita 18 ne, yana tafiya bisa gada tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, kuma ba ya aiki sai a kwanakin Hajji. Jirgi guda yana da tarago 12, yana ɗaukar kimanin mutum 3,000. To, ga inda gizo ke saƙar. Tashoshinsa tara ne, uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa, lamba ce kaɗai ta raba su. Mutum ya ji an ce Mina, ya yi wuf ya sauka, alhali tashar ayarinsa tana gaba. Tantunan Mina kuwa duk farare ne, babu kuka ko tsamiya da mutum zai yi shaida da ita. Ta uku ita ce ta wajen jifan Shaiɗan, nan ne cunkoso ya fi tsanani. Ɓata a wannan wuri ba abin wasa ba ne, domin a Hajjin 2024 zafi ya wuce digiri 50 a Makka, hukumar Saudiyya kuwa ta ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da izinin Hajji ba.

Ku gaya wa maniyyata ba kowane alhaji a ke ba jirgin nan ba. Hukuma ke rabawa, ayari ayari, kowa da lokacinsa. Wanda aka ce mota zai shiga, ya bi motarsa, kada ya bi wasu zuwa tasha don sha'awar gani, gama za a tsare shi a ƙofa, ya juyo ya tarar mutanensa sun tashi.

Fatakenmu masu kai shanu da albasa Ikko su ma sun tarar da sabon abu. A watan Satumba na 2023 aka fara ɗaukar mutane a layin da a ke kira Shuɗi, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13. A 2024 aka ƙara Jan layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ke tsayawa a Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama. Ba a ciniki a nan, ba a kuma miƙa wa yaron mota kuɗi. Wani kati a ke saye mai suna Cowry, watau wuri, kuɗin kakanninmu, a zuba masa kuɗi, a taɓa shi a ƙofa ta buɗe. Lalle ku ja kunnensu game da Shuɗin layi, domin da lantarki ya ke tafiya, wutar kuwa a jikin wani ƙarfe ta ke, kusa da dogon. Ɗabi'armu ta tsallaka titi duk inda ya yi mana kusa, a can ajali ce.

Duk jiragen nan ƙa'idarsu ɗaya ce, wanda ya gane ta a Ikko ba zai ruɗe a Alƙahira ba. Kowace tasha tana da dakali biyu, na masu zuwa da na masu komowa, kuma ana sanin inda jirgi ya nufa ne da sunan tashar da zai ƙare a kanta. Mai son Agege daga Yaba sai ya nemi wanda aka rubuta wa Agbado, ko da ya ke ba can za shi ba. Wanda bai iya karatu ba ya tambaya tasha nawa ce tsakani, ya riƙa lissafi da yatsu ko da carbi. In ya zarce, kada ya firgita, ya sauka a ta gaba, ya nemi ma'aikaci mai kayan sarki ya nuna masa dakalin komowa. Matambayi ba ya ɓata, amma fa a san wanda za a tambaya, domin ba kowane mai fara'a a tasha ne ke nufin baƙo da alheri ba.

Ƙofar jirgin da kanta ta ke rufewa, ba ta san dattijo ba, ba ta jiran mai sallama. Nan ne miji ke rabuwa da matarsa, ɗa da tsohuwarsa. Don haka tun a masauki a yi alkawari: in an rabu a jirgin gari, wanda ya shiga ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya cik, na baya ya biyo shi. A na alhazai kuwa kowa ya wuce tashar ayarinsa, can za a sadu. A Alƙahira akwai tarago na mata zalla, namiji ya duba kafin ya afka.

Malamai, ga naku aikin. Duk maniyyacin da ya zo yi wa hakimi sallama, ku rubuta masa takarda mai kauri da boko da Larabci: sunansa, da garinsa, da Jihar Sakkwato, da lambar wayar jagoran ayarinsa. Ku bar fili biyu, na lambar tanti da na lambar tasha, a cike masa su a Makka. Ya rataya ta a wuya tare da katin Nusuk wanda Saudiyya ta wajabta wa alhazai tun 2024, kada a cusa ta cikin jakar da wani zai riƙe masa. Dagatai su kawo muku sunayen tsofaffi da mata masu tafiya karo na farko, don a haɗa kowannensu da wani ɗan garinsu tun kafin a isa filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.