Kabeji A Bayan Ruga: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Kuseri



Yau ba maganar burtali na kawo ba, maganar miya ce. Da yawanmu mun zauna wuri ɗaya a bakin Logon. Taki yana jibge a shinge, amma kuɗin nono ke sayo mana kabeji a kasuwa. To, ina dalili?

Kabeji ɗan sanyi ne. Idan ruwa ya janye, watan Oktoba zuwa Nuwamba, sai a zuba iri a gadon reno. Bayan sati 4 ko 5 a yi dashe da yamma, a bar kamu ɗaya tsakanin tushe da tushe. A sa kashin shanu wanda ya ruɓe, domin ɗanye yana ƙona saiwa. Wata 2 zuwa 3 bayan dashe ya naɗe kai. Wanda ya makara har zafin Maris ya tarar da shi, ganye kawai zai gani.

Abokan gabarsa uku ne. Na farko darɓa, mai taruwa a ƙarƙashin ganye tana tsotse shi. Na biyu tsutsar da ke cin zuciyar ɗan dashe, ta hana shi naɗewa. Ita wannan, tsohon gidan sauro da aka rufa a kan gadon reno yana tare uwarta. Na uku ƙaramar koriyar tsutsa mai huda ganye kamar rariya. Malaman gona sun ce tun 1953 aka ga ta gagari maganin DDT a Indunusiya, kuma ta saba wa magunguna da dama bayansa.

A nan zan faɗi laifina. Shekarar da na fara lambu, da na ga tsutsa sai na ɗauko maganin kaska na fesa. Bayan kwana biyu yara suka ɓare ganyen waje suka zuba wa awaki. Akuya biyu na rasa. Da a tukunya ganyen nan ya shiga fa? Jama'a, maganin kaska na jikin saniya ne, maganin auduga na auduga ne. Kada ɗayansu ya hau abin da iyali za su ci.

Ga abin da nake yi yanzu. A daka 'ya'yan darbejiya busassu rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana. A tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da la'asar har ƙarƙashin ganye, sau ɗaya a sati. Ba ya kashe tsutsa nan take, hana ta ci yake yi, saboda haka a yi haƙuri. Kowace safiya bayan tatsa a juya ganye a duba, abin da aka gani a murtsuke da hannu.

Sai a kewaye lambu da ƙaya, naku da na maƙwabci duka a tsare su daga dabba. Ragowar ganye kuma a ba shanu kaɗan-kaɗan, domin idan ya yi yawa yana sa nono wari.

Allah ya raya dukiya, ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.